Yatsan Talaka Ba Yatsa Ba Ne?

Abubuwa biyu sun faru a harabar jami'ar nan a zangon karatun da ya wuce, kuma ciwo iri ɗaya ne ya haddasa su. Na farko kowa ya ji labarinsa. Wani ɗan'uwanmu ɗalibi, saura mako guda a fara jarrabawa, ya wayi gari babban yatsansa na dama ya kumbura a gefen farce, yana zogi har ba ya iya riƙe alƙalami. Kafin azahar abokansa sun raka shi asibitin makaranta. Kafin la'asar wakilin ɗakin kwanansu ya rubuta wa Ƙungiya takarda, yana neman a roƙi malamai su ɗaga masa ƙafa. A kwana na uku likita ya yi masa allurar kashe zafi, ya ɗaga fatar gefen farcen, mugunya ta fita, aka ɗaure. Ya rubuta jarrabawarsa da hannunsa, mu kuwa muka taya shi murna.

Na biyu babu wanda ya rubuta wa kowa takarda a kansa. Duk mai cin abinci a rumfar da ke bayan ɗakunan kwanan maza ya san dattijuwar nan da muke kira Inna, wadda ke durƙushe gaban baho tun hantsi har bayan lisha tana wanke kwanonin da muka ɓata. Wata rana zaren soson ƙarfe ya soke ta a gindin farcen yatsanta na tsakiya. Ta cire, ta ci gaba da aiki. Bayan kwana biyu muka gan ta da lemon tsami soke a kan yatsa kamar hula, har waɗansunmu suka yi mata raha, suka ce, "Inna, yau kuma sabon zobe aka yi?" Ta yi dariyar ƙarfin hali, ta ce, "Karkare ne, 'ya'yana, zai fashe don kansa." Daga nan sai muka daina ganinta. Da ta dawo bayan wata biyu, gaɓar ƙarshe ta yatsan ba ta nan, likita ya yanke ta domin ƙashin ya riga ya ruɓe.

A cikin waɗanda suka yi mata raha a ranar akwai masu karatun likita, akwai masu karatun harhaɗa magunguna, akwai mu da muke rubutu a wannan mujalla. Saboda haka ba mu ɗauki alƙalami don mu nuna wani da yatsa mu wanke kanmu ba. Mun ɗauka ne domin mu ce raina karkare da ake yi a ƙasar nan raina hannun masu aikin ƙarfi ne, kuma mu 'yan boko muna da kaso mai tsoka a cikin wannan laifi.

Bari mu fara da ciwon kansa, domin jahilcinsa shi ne tushen ɓarnar. Duk wanda ya dubi farcensa zai ga wata siririyar fata da ta manne a gindinsa, ta haɗe shi da naman yatsa. Wannan fata ita ce ganuwar wurin. A jikin fatar mutum lafiyayye da cikin hancinsa akwai ƙwayoyin cuta da ido ba ya gani, zaune lami lafiya, ba sa cutar da shi muddin ba su sami ƙofa ba. Hausawa sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Tsagewar nan kuwa ba ta da wuya: cizon farce da haƙori lokacin da karatu ya yi zafi, fizge ɓawon fatar da ya ɗago a gefe, sartse, ƙayar kifi, tsinin allura, ko mai yankan farce ya zurfafa almakashi don ya burge mai biya. Da zarar ƙwayar ta shiga, wurin sai ya yi ja, ya ɗauki zafi, ya kumbura, cikin 'yan kwanaki mugunya ta taru. Ƙwayar da ta fi yin wannan aika-aika ita ce wadda likitoci ke kira sitafilokokas. Wani likitan fiɗa na garin Abadin a ƙasar Sikotland, Alexander Ogston, shi ya gan ta a madubin likita cikin mugunyar maruru a 1880, cure wuri guda kamar nonon inabi. Fiye da shekara 140 ke nan da aka san mai laifin, amma har yau a unguwanninmu ana cewa baki ne, ko jifa, ko an taɓa abin da bai kamata ba.

Hausa da kalma ɗaya take kiran ciwon, karkare, amma a wurin masana ba iri ɗaya ba ne, kuma sanin bambancin shi ke raba mai warkewa da mai rasa yatsa. Akwai wanda ke tsayawa a gefen farce ko a gindinsa, irin na ɗalibin nan. Shi ne mafi sauƙi. Idan aka tare shi tun bai tara ruwa ba, jiƙa yatsa a ruwan ɗumi mai ɗan gishiri na minti 15, sau 3 ko 4 a yini, sau da yawa ya isa ya kwantar da shi. A nan kakanninmu ba su yi kuskure ba da suka ce a yi wa kumburi gashi. Idan kuwa mugunya ta taru, to sai an ba ta hanyar fita, da ƙarfe mai tsabta, a hannun wanda ya koyi aikin.

Akwai kuma wanda ke shiga cikin tsokar kan yatsa, inda muke dangwale takarda ranar zaɓe. Wannan shi ne mugun, shi ne kuma ya ci Inna. Dalili shi ne, tsokar kan yatsa ba buhu ɗaya ba ce. A rarrabe take ɗaki-ɗaki da waɗansu zarurruka masu tauri da suka taso daga fata suka kama ƙashi. Idan mugunya ta taru a waɗannan ɗakuna ba ta da inda za ta buɗa, sai ta matse ƙananan hanyoyin jinin da ke ciyar da wurin. Shi ya sa mai irin wannan karkare ba ya barci, yana jin yatsa na bugawa daidai da bugun zuciyarsa, yana ɗaga hannu sama da dare ko zai sami sa'ida. Naman da jini bai isa gare shi ba mutuwa yake yi, daga nan ƙwayar ta faɗa wa ƙashi. Mai jira irin wannan ya fashe don kansa, ƙashinsa yake jira ya ruɓe. Wani lokaci ma ciwon yakan bi kuben jijiyar da ke lanƙwasa yatsa. Wani likitan Amurka, Allen Kanavel, ya bayyana alamomin wannan tun farkon ƙarni na 20: yatsa duka ya kumbura ya zama kamar taɓarya, ya tsaya a ɗan lanƙwashe, a ji zafi idan aka danna tsawon cikinsa, a ji azaba idan aka yi ƙoƙarin miƙe shi. Wanda ya ga haka, ko ya ga jan layi yana hawa dantse, ko kaluluwa ta fito masa a hammata da zazzaɓi, maganarsa ta wuce ta gobe, asibiti ne a wannan rana. Mai ciwon suga kuwa bai kamata ya jira ko ɗaya daga cikin alamomin nan ba.

Sa'an nan akwai wani na uku da ke rikitar da mutane, mai fitowa da ƙananan ƙuraje masu ruwa garai-garai a kan yatsa. Shi ƙwayar bairos ce ke kawo shi, irin wadda ke feso wa mutum ƙuraje a leɓe bayan zazzaɓi, kuma yara masu tsotson yatsa sun fi kamuwa. Wannan ba a tsaga shi sam. Yakan warke don kansa cikin mako 2 zuwa 3, tsagawa kuwa sai ta ƙara yaɗa shi ta buɗe ƙofa ga wata cutar. To, ina wanda zai bambance waɗannan uku a bakin kasuwa?

Mu koma kan Inna, mu bi sawun makonni ukun da ta yi kafin ta isa gaban likita, domin hanyar da ta bi ita ce hanyar da iyayenmu da yayyenmu ke bi kullum. Likitanta na farko maƙwabta ne. Wannan ta ce lemon tsami, waccan ta ce a kwaɓa kanwa, wani direba ya rantse da man birki, wani ya ce ai ruwan batir shi ne sha-yanzu-magani-yanzu. Mu faɗi gaskiya ko da za ta yi ɗaci: ruwan batir ƙuna yake yi, man birki da kalanzir guba ne ga naman da ya riga ya raunana, kuma babu ɗayansu da ke isa inda mugunyar take. Zafin da mutum ke ji idan ya tsoma yatsa a ciki, wanda ake ce masa wai magani ne ke aiki, fatarsa ce ke cinyewa. Lemon tsamin ma, wanda ya fi sauran sauƙin illa, babban laifinsa shi ne yana rufe yatsa kwana da kwanaki, ba mai ganin abin da ke gudana a ƙarƙashi.

Likitanta na biyu mai kemis ne. Ya dubi kuɗin da ke hannunta, ya ƙirga mata kafso huɗu na ja-da-yalo daidai kuɗin, ya ce ta sha biyu, ta fasa biyu ta barbaɗa a kai. Bai tambayi kwana nawa ciwon ya yi ba, bai kuma gaya mata abin da duk ɗan aji uku a sashen likita ya sani ba, wato maganin sha ba ya ratsa mugunyar da ta riga ta taru, sai an fitar da ita. Lasin ɗin masu irin waɗannan shaguna bai ba su izinin sayar da maganin kashe ƙwayoyin cuta ba tare da takardar likita ba, amma wa ke dubawa? Illar kuma ba ta tsaya a kan Inna ba. Alexander Fleming, wanda ya gano fenisilin a 1928 a kan faifan da yake renon wannan ƙwaya ta sitafilokokas, ya yi gargaɗi tun 1945, lokacin da ya karɓi kyautar Nobel, cewa shan maganin da bai kai ƙima ba koya wa ƙwayar cuta jure masa yake yi. Maganarsa ta tabbata. A yau mafi yawan irin wannan ƙwaya ba sa jin fenisilin na asali, kuma tun 1961 aka ga waɗanda suka gagari maganin da aka ƙera don maye gurbinsa a Ingila. Wani babban bincike da mujallar likitoci ta Lancet ta buga a 2022 ya ƙiyasta cewa ƙwayoyin cuta masu bijire wa magani sun kashe mutum miliyan 1.27 a duniya a shekarar 2019 kaɗai, kuma idan aka auna da yawan jama'a, yankinmu na Afirka ta Yamma ne ya fi kowa asara. Kowane kafso huɗu da aka ƙirga a tafin hannun talaka gudummawa ce ga wannan lissafi.

Likitanta na uku wanzami ne, ya yi mata sakiya. A nan za mu yi adalci, ko da waɗansu abokanmu masu farar riga ba za su ji daɗi ba. A cikin mutum ukun nan wanzami ne kaɗai ya fahimci asalin maganar, cewa mugunya fita take so. Kakanninsa sun san haka tun kafin a gina asibiti ko ɗaya a ƙasar Hausa. Inda ya gaza shi ne askarsa ba dafaffiya ba ce, bai san inda jijiya da hanyar jini suka bi ba, ya tsaga sama-sama ya bar ɗakunan ciki cike, kuma ba shi da allurar rigakafin tetanas, cutar nan mai sandarar da jiki ta sarƙe haƙora. Da hukuma ta ɗauki wanzamai da muhimmanci, ta koya musu dafa ƙarfe da sanin ciwon da ya fi ƙarfinsu, da sun zama 'yan aiken asibiti a kowace unguwa. Amma mun gwammace mu yi musu kallon ƙauyawa, su kuma su ci gaba da aikinsu a ɓoye.

Wani zai ce, to me ya hana ta zuwa asibiti tun farko? Mai wannan tambaya bai taɓa rayuwa a kan kuɗin yini ba. Inna ba ma'aikaciyar jami'a ba ce, ba ta da kati a asibitin da ke taku ɗari uku daga bahonta. Zuwa asibitin gari yana nufin kuɗin mota, kuɗin kati, layi tun asuba, da asarar ladan ranar, wataƙila ma ta dawo ta tarar an sa wata a gurbinta. Ga kuma tsawar da ta san za ta sha, a ce mata sai yanzu kika ga damar zuwa. Ta auna duk wannan da lemon tsami guda, ta zaɓi abin da aljihunta zai ɗauka. Wanda ya kira wannan jahilci, shi ne bai iya lissafi ba.

Aikin da ake bukata a kan karkaren gefen farce bai wuce na minti goma ba, kuma ba ya neman babban likita. Malamin asibiti da ya sami horo, da allurar kashe zafi, da wuƙar fiɗa sabuwa, da bandeji, ya isa. Irin wannan aiki ne aka yi wa duniya alkawari a taron Alma-Ata na 1978, inda aka ce lafiya za ta isa ga kowa kafin shekarar 2000, ta hanyar ƙananan asibitoci na kusa da gida. Farfesa Olikoye Ransome-Kuti ya yi iyakar ƙoƙarinsa a kan wannan lokacin da yake ministan lafiya daga 1985 zuwa 1992. A 2001 shugabannin Afirka suka taru a Abuja, a cikin gidanmu, suka ɗauki alkawarin ware kashi 15 cikin 100 na kasafin kuɗi domin lafiya, alkawarin da gwamnatin tarayya ba ta taɓa cikawa ba. A 2014 aka sa hannu a dokar lafiya ta ƙasa, wadda ta tanadi asusu na musamman don ƙananan asibitoci. Takardu dai ba mu rasa su ba. Amma ku 'yan'uwa da kuka gama kuka kama aiki a ma'aikatu da sakatariyar ƙananan hukumomi, ku da fayil ke bi ta teburinku, ku gaya mana: a asibitin ƙauyenku akwai tukunyar dafa kayan aiki mai aiki? Akwai auduga? Ko kuwa sai an rubuta wa majiyyaci ya je ya sayo safar hannun da za a duba shi da ita?

Akwai wani nau'in ciwon da ba ya kai mutum asibiti, ba ya kuma barinsa, shi ne ma ya fi yawa a hannun mata. Ku dubi yatsun masu wanki da wanke-wanke, da masu markaɗe, da masu gyaran kifi, da matan gida da ke jiƙa hannu sau ashirin a yini. Za ku ga gindin farcen ya kumbura ya yi ja, siririyar fatar nan ta ɓace, farcen ya yi gargada ya canja launi, wani har ya yi kore. Idan ciwo ya wuce mako 6 a haka, ya zama na zaune. Ruwa da sabulun soda da garin sabulu su ne suka cinye ganuwar, sa'an nan wata ƙwaya dangin yis mai suna kandida ta sami wurin zama. Kafso ba ya maganin wannan. Maganinsa shi ne hannu ya huta da jiƙa, a sa safar roba mai auduga a ciki lokacin aiki, a tsane hannu sosai, a shafa man da likita zai rubuta don kwantar da kumburin. Sai an yi haƙuri kuma, domin farcen hannu milimita 3 kacal yake tsiro a wata, sabon farce ba ya kammala sai bayan kamar wata 6. Safar roba guda ba ta kai kuɗin kwanon shinkafa biyu a rumfar nan ba. A cikin masu rumfunan abinci da ke harabar nan, wa ya taɓa saya wa mai wanke-wankensa?

Ba za mu tsallake masu yankan farce ba, domin mu ne manyan abokan cinikinsu. Kowace Juma'a za ka ga ɗalibi ya miƙe ƙafa a gindin bishiya yana karanta jarida, yaro na kaɗa almakashi a kan yatsunsa, almakashin da ya taɓa mutum goma kafin shi, aka goge a tsumma ɗaya da ruwan kumfa ɗaya. Yanke farce tsabta ce, addini ma ya yi umarni da ita, har an ƙayyade kada a wuce kwana 40. Amma addini bai ce a kankare gindin farce har jini ya fito ba, bai ce a rarake gefen farcen babban yatsan ƙafa ba, abin da ke sa ya tsiro ya shige nama. Farcen ƙafa a miƙe ake yanke shi. Batun jini kuwa ya fi karkare girma. Ƙwayar ciwon hanta nau'in B tana iya rayuwa a busasshen jini a kan ƙarfe har kwana 7, kuma binciken ƙasa da aka yi a 2018 ya nuna wajen kashi 8 cikin 100 na manyan Nijeriya suna ɗauke da ita. Ba mu ce a kori yaran nan ba, neman halal suke yi, da yawansu sun baro gida daga nesa. Mun ce mai zuwa wurinsu ya tafi da almakashinsa ko rezarsa, ya kuma hana a taɓa masa gindin farce.

Mun iya zanga-zanga idan aka ƙara kuɗin makaranta. Mun iya cika allon sanarwa da takardu a kan zaluncin da ake yi a ƙasashen da ba mu taɓa zuwa ba, kuma ba mu ce a daina ba. Amma kalmar talakawa da muke yawan furtawa a ɗakin taro tana da hannu, hannun kuma yana da yatsu, a cikin bahon da ke bayan ɗakinmu. Ilmin da zai ceci yatsan Inna bai fi jimla uku ba: jiƙa a ruwan ɗumi tun ranar farko, kada a sa guba, idan kwana biyu suka wuce ba sauƙi ko zogi ya hana barci a tafi asibiti. Mun san su, muka tsaya muna yi mata ba'ar zobe.

Saboda haka a zaman Majalisar Ɗalibai mai zuwa za mu gabatar da ƙuduri. Muna neman Ƙungiya ta nemi hukumar jami'a ta buɗe ƙofar asibitin makaranta ga leburori da masu aikin rumfuna don ƙananan raunuka, ko da a kan ɗan kuɗi kaɗan ne. Muna neman a sa sharaɗin safar hannu a takardar izinin duk mai sayar da abinci a harabar nan. 'Yan'uwanmu na sashen likita da na harhaɗa magunguna kuma, muna roƙonsu su ware yammacin Asabar ɗaya a wata su zauna da masu yankan farce da wanzaman da ke bakin ƙofa, a yi maganar dafa ƙarfe cikin Hausa, ba tare da raini ba. Mun san za a sami masu dariya, su ce Majalisa ta rasa abin tattaunawa sai farce. Muna gayyatar mai wannan ra'ayi, kafin ranar zaman, ya je rumfar bayan ɗakunan maza ya ci abinci, ya kai kwanonsa da kansa wurin baho. Inna tana nan ta koma bakin aiki, da hagu take cuɗa kwano yanzu, dama kuwa tana riƙe da shi a naɗe cikin leda.